Saƙonnin Gari Da Na Ɗauka Don Rage Kuɗin Mota

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙo a sakaya sunana, don mutanen garinmu da sun karanta rabin labarin nan za su gane mai shi, ba sai na ƙara musu da suna ba. A lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da takwas, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Tsanyawa da matata da 'yar jaririyarmu, ga kuma takardar difloma ta aikin gona da ta shekara huɗu a ƙasan akwati ba ta taɓa saya mini ko sabulu ba. Wajenmu gona ce a jikin gona, in ka wurga fartanya da ƙarfi a gonar wani za ta faɗi. Da na yi aure Baba ya yanka mini wani yanki daga tasa, kuma abin da yankin nan ya bayar shi ne abincin gidana na shekara, ba ni da wata hanya bayan shi. Halina kuwa, in faɗi gaskiya, ni mutum ne mai ganin kaina da dabara. In ana shawara a majalisa nakan bari kowa ya gama, sannan in kawo tawa ina murmushi kamar da ni aka tsara duniya.

Shekarar da kuɗin mai ya tashi ce, wadda kowa ya san yadda ta yi da talaka. Mutum ya je kasuwa da kuɗin mudu biyu ya dawo da ɗaya, masu babur suka jingine babura suka koma tafiyar ƙasa. Ana cikin zafin bazara, ana sharar gona, sai saƙo ya shigo wayata daga wani kamfanin iri da taki da na taɓa tura wa takarduna har na manta. Suna neman malaman gona, sun ce in zo Abuja intabiyu ranar Talata ƙarfe tara na safe, ga adireshi, cikakken bayani kuma yana cikin wasiƙar da suka tura ta imel. Na yi murna ƙwarai. Wasiƙar imel ɗin kuwa ban buɗe ba. Wayata ƙarama ce, kafin in buɗe ta dole sai na je Tsanyawa na ari wayar wani na sa data, ni kuma na ce ga rana ga lokaci ga adireshi, me ya rage da zan ɓata kuɗi a kansa.

Da na tambayi wani direba kuɗin mota zuwa da dawowa, abin da ya faɗa sai da na nemi wuri na zauna. Baba da ya ji ya ce a kai tunkiyarsa kasuwa, tafiyar neman aiki ba a yi mata ƙoro. Na ce masa ya bar tunkiyarsa ta ci gaba da kiwo, ina da hanyar da zan je in dawo ba a sayar da ko kaza ba. Hanyar kuwa ita ce saƙo. A wajenmu duk wanda zai yi tafiya mai nisa ana ba shi saƙo ya kai wa 'yan uwa, kuma mai saƙo ba ya miƙo shi haka kawai, sai ya haɗa da ɗan wani abu ya ce a ƙara a kuɗin mota. Saboda nauyin abin ne ma masu hankali suke ɓoye ranar tafiyarsu, sai dai a wayi gari a ji sun tafi. Ni sai na juya al'adar. Bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci ina gaya wa duk wanda muka gaisa cewa Litinin zan tafi Abuja intabiyu, in akwai mai saƙo ya kawo.

Ai kuwa aka kawo. Kafin Lahadi da yamma zauren gidanmu ya cika: ƙullin kuka da kuɓewa, daddawa, galan na man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, har da zabi biyu da aka ɗaure musu ƙafa. Kowa ya ba ni lambar waya a guntun takarda ya ce ai ɗan nasa yana Abuja, da na sauka in kira zai zo. Na ƙarshe ita ce Gwaggo, yayar Baba, wadda 'yarta ta haihu a can. Ta sa aka ɗauko rabin buhun gero da babban bokiti mai murfi cike da kayan jego, garin kunu da yaji da man shanu. Ta riƙe hannuna ta ce amana ce, in damƙa wa mijin 'yar hannu da hannu, kada in bar wa kowa ajiya, don ta ji labarin mutanen birni. Na ce mata an gama. Matata ta leƙo ta ga tulin kaya, ta tambaye ni a hankali wai intabiyu zan je ko cin kasuwa. Na ce mata ita da ba ta taɓa wuce Kano ba ta bar wa masu tafiya tafiyarsu. Abin da aka tara mini ya kai kuɗin motar zuwa da dawowa, na kwanta ina jin babu wanda ya kai ni wayo a garin.

Tun daga tashar Kano wayon ya fara warwarewa. Na iso da hantsi, ƙananan motoci na cika suna tashi a gabana, amma duk ɗan kamashon da ya dubi kayana sai ya ce sai na biya kuɗin kujera ta biyu. In na biya, ribar dabarar ta tafi ke nan. Sai na koma wajen wata babbar bas mai araha wadda ba ta damu da kaya ba, na zauna jiran ta cika. Ba ta tashi ba sai bayan azahar. A hanya na fara kiran masu saƙo ɗaya bayan ɗaya, a nan na gane cewa Abujar da ake faɗa a ƙauyenmu ba gari ɗaya ba ce. Wannan yana Suleja, wancan Gwagwalada, wani Dei-Dei, mijin 'yar Gwaggo kuma yana Mararaba, wadda wani fasinja ya ce mini tana can ɗaya gefen birnin gaba ɗaya. Muka sauka Zuba dare ya riga ya yi, kowa ya ce sai da safe, na kwana a barandar masallacin tasha ni da kayana da zabin mutane.

Da asuba na yi wanka na sa farin yadina da na goge tun a gida, duk da ya kwashi warin daddawa. Masu saƙo suka fara zuwa, Allah ya saka musu, kafin ƙarfe bakwai an kwashe komai sai geron Gwaggo da bokitinta. Na kira surukin namu, ya ce ga shi nan a hanya. Wani mai shayi da ya ga ina ta duba agogo ya tambaye ni abin da ke damuna, da na gaya masa ya ce in ajiye kayan a bayan teburinsa in tafi, in mai su ya zo zai ba shi, ai kullum haka ake yi a tashar. Na dube shi, mutumin kirki ne da gani, amma sai maganar Gwaggo ta dawo mini, hannu da hannu. Na yi tunanin in ɗauki kayan in tafi da su, sai na ga kaina ina shiga ofishin mutane da rabin buhu a ka da bokitin jego a hannu, girman kai ya hana ni. Na sake kira ƙarfe bakwai da rabi, ya ce ya kusa. Ƙarfe takwas, ya ce ai yana hango gadar. Ni da ban san gadar ba, na ɗauka wadda ke gabana ce.

Tara ta wuce kafin ya iso. Mutum ne babba, ya girme ni nesa, ga shi surukin gidanmu, irin wanda ko sunansa ban iya kira. Ya riƙe hannuna ya shiga gaisuwa. Ya Baba, ya Gwaggo da ciwon ƙafa, ya zafi, an fara ganin hadari kuwa, wane ne ya rasu, wance ta tare. Gida-gida ya bi garinmu yana tambaya, ni kuma ina amsawa da lafiya lau. Da na samu ya numfasa na ce masa, kaina a ƙasa, ina da intabiyu ƙarfe tara. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, a ƙasar nan wa ya taɓa ganin an fara abu a kan lokaci, in an ce tara sai sha biyu. Ya ce kuma ba zai yiwu in kawo masa kaya tun daga gida in tafi ban sha ko shayi ba. Na zauna na sha. Wallahi har yau in na tuna kofin shayin nan sai na ji haushin kaina, don babu wanda ya ɗaure ni, kunya ce kawai da son in yarda da abin da ya faɗa.

Tsakanin cunkoson motoci da ɓatan hanya, sha biyu saura na isa ofishin. Wata mata ce a teburin karɓar baƙi, ta duba takarda ta ce an kira sunana sau uku, masu intabiyun sun gama da rukuninmu sun shiga wani taro, kuma ba za su sake zama ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni daga ina nake, da na faɗa sai ta girgiza kai ta ce me ya hana ni kiran lambar da ke cikin wasiƙa tun da safe, da an mayar da ni rukunin ƙarshe kamar yadda aka yi wa wasu mutum biyu. Na ce ban ga wasiƙar ba. Ta juyo da kwamfutarta ta nuna mini. A ƙasan wasiƙar an rubuta cewa duk wanda ya zo daga nesa ya zauna intabiyu, kamfani zai mayar masa da kuɗin motarsa. Na karanta layin sau biyu. Na yi mata godiya na fito, na samu gindin wata bishiya a bakin titi na zauna, na daɗe ban san inda zan sa kaina ba.

Da a nan labarin ya tsaya da ban rubuto ba, don rasa aiki ba a kaina aka fara ba. Abin da na yi bayan na dawo shi ne yake cina. Tun daga bakin gari aka fara tare ni. Duk wanda na kai wa saƙo ya riga ya bugo waya gida ya yaba, Gwaggo tana ta sa mini albarka wai samarin yanzu babu mai amanata, abokai har sun fara kirana malamin gona. Ni na tara wa kaina waɗannan idanun da bakina a ƙofar masallaci, yanzu ga su duk sun zubo mini. Da na durƙusa gaban Baba ya tambaye ni yadda aka yi, sai na ji bakina ya ce an yi lafiya, sun ce za su kira. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Na ce a raina bayan wata ɗaya ko biyu zan ce ba a ɗauke ni ba, shi ke nan magana ta mutu, babu wanda ya yi asarar komai.

Ban yi lissafi da damina ba. Bayan kamar mako biyu Baba ya kira ni ya ce ya yi tunani a kan yankin gonata. In aka kira ni aiki a tsakiyar damina wa zai nome ta, shi ƙarfinsa ya ƙare a tasa, kuɗin 'yan ƙwadago da taki kuma babu. A wajenmu ba a barin gona ta kwana, ga wani maƙwabcinmu mai 'ya'ya da yawa ya daɗe yana neman aro. Ya ce yana so ya ba shi aron ta na bana, amma ba zai yi ba sai ya ji daga bakina, shin ina da ƙarfin gwiwa a kan aikin nan. Edita, ƙofa ce Allah ya buɗe mini a wannan rana, kalma ɗaya ta ishe ni. Na dubi tabarmar da yake zaune na ce in sha Allahu aikin nan kamar a hannu yake. Washegari aka kira maƙwabcin da shaidu biyu aka ba shi. Kowa kuma ya san ƙa'idar aro, da zarar iri ya shiga ƙasa babu mai maganar gona sai an girbe.

Ruwa ya sauka, gari ya fita shuka, ni ina zaune a zaure da waya a hannu ina kwaikwayon mai jiran kira. Ta ƙofar zauren ina hango mutumin da 'ya'yansa suna bin layi a gonata, a kan takin da na yi rani ina kaiwa da jaki. Na daina cin abinci sosai, na zama mai saurin fushi. Matata ce ta fara ganewa. Wata rana da hantsi tana tankaɗe ta ce mini ita fa tun ranar da na dawo ta san akwai magana, don mutumin da ya yi intabiyu yakan ba da labarin tambayoyin da aka yi masa, ni kuwa labarin zabi da mai shayi kawai nake bayarwa. Na gaya mata komai. Ba ta tuna mini da abin da ta faɗa kafin in tafi ba, ta dai dubi yarinyar da ke barci, sannan ta tambaye ni me za mu ci bana. Ta ce in je in gaya wa Baba a ranar, in ba haka ba ita ba za ta iya ci gaba da gaishe shi tana kallon idonsa ba.

Na same shi bayan la'asar yana gyara ƙotar fartanya. Na faɗa masa tun daga tashar Kano har zuwa matar ofis, ban rage komai ba. Ya ci gaba da aikinsa har na gama. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai ranar da ya kira ni a kan maganar aro na riga na san babu aikin. Na ce na sani. Ya ajiye fartanyar ya ce aiki rabo ne, wanda bai samu ba da ma ba nasa ba ne, wannan bai dame shi ba ko kaɗan. Abin da ya dame shi shi ne da hannunsa ya ɗauki abincin jikarsa ya miƙa wa wani, a kan maganar ɗansa. Ya ce kuma ba zai je ya karɓi gonar ba, mutumin ya zuba irinsa da guminsa, ba shi ya yi ƙarya ba. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Na tashi ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Daminar nan ƙwadago na yi. Har a gonar tawa na yi maimai, wato noma na biyu, ana biyana da yamma, maƙwabcin yana jin nauyina ni ma ina jin nasa. Da kaka ya aiko da ɗan abin da akan kai wa mai gona, bai kai mu ko'ina ba. Tun kafin sanyi ya wuce muka koma ci daga rumbun Baba, rumbun da aka auna shi don mutum biyu, shi da Inna, a shekarar da hatsi ya fi komai tsada. Da damina ta zagayo gonata ta dawo hannuna, yanzu kuma ina ɗan taɓa sayar da iri a kasuwanni, alhamdu lillahi muna rufin asiri.

Ga 'yan uwana masu neman aiki daga ƙauye, ban ce kada a nemi sauƙin tafiya ba, don na san yadda kuɗin mota yake a wuyan wanda ba shi da shi. Amma kafin ka fara dabara, karanta duk abin da aka turo maka har ƙasa, ko da aron waya za ka yi. Kira su ka tambaya ko suna mayar da kuɗin mota, ko za a iya yi ta waya, ko suna da ofis kusa da kai. Tambaya ba ta zubar da mutunci, ni da na ƙi yi na ga abin da ya zube. In za ka tafi, tafi da jakarka kaɗai, ka isa da kwana ɗaya a gaba, ka je ka ga ƙofar wurin da idonka tun ana gobe. Saƙon mutane ka bar shi sai tafiyar da ba ta da agogo. In babba ya tsare ka da gaisuwa alhali lokaci na tafiya, ka ba shi haƙuri ka wuce, zai yi fushin yini ɗaya ya manta. Kada kuma ka cika gari da labarin tafiyarka, don yawan waɗanda suka sani shi ne yawan waɗanda za ka ji kunyar gaya wa gaskiya in abin bai yi ba.

In kuwa ta riga ta ɓaci, ka faɗa a ranar da ka dawo, tun kafin wani ya ɗora shawararsa a kan maganarka. Ni na yi zaton ƙaryata ni kaɗai za ta ci. A cikin watannin da muke ci daga rumbunsa, Baba ya daina cin abincin rana. In an kai masa sai ya ce cikinsa ba ya so, tsufa ne, a mayar wa mai shayarwa. Inna ta sani, matata ta sani, ni ma na san don mu yake yi. Na nemi gafararsa a kan ƙaryar ya ce ya yafe tun tuni. A kan kwanon nan da ake mayarwa cikin gida a rufe kuwa, har yau ban samu bakin da zan yi masa magana ba.